Masu Sayen Rana da Kuɗinsu

A tsakiyar Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan. Ma'aikaci ya fita da duhu, ya dawo da duhu, ga yayyafi mai ratsa ƙashi. A lokacin ne Bature kan buɗe kwamfuta ya shiga cinikin abin da mutumin Sakkwato ke guje wa ya fake a gindin darbejiya. Rana ake saye, ta mako ɗaya ko biyu, kuɗi hannu.

Kasuwar da ta fi ci ita ce tsibiran Kanariya, mallakin Sifaniya, waɗanda na kusansu bai fi kilomita 100 da 'yan kai daga gaɓar Maroko ba. Daga tsibiran ne tsuntsun kanari ya samo sunansa. Tafiyar awa huɗu da wani abu ce a jirgi daga Ingila, kuma a Janairu zafin rana kan kai digiri 20 ko 21. Mazauna wurin miliyan biyu ne da ɗoriya, amma a 2023 sun karɓi baƙi kusan miliyan 16. Cikin wannan ayari, kowa da irin cinikinsa.

Na farko shi ne Malam Ma'auni. Tun Oktoba ya zana jadawali, tsibiri kaza digiri kaza, kwanakin ruwa kaza, yana sa matarsa ta saurari rahoto kowane dare bayan cin abinci. Rabin digiri ya ishe shi ya soke tsibirin Lanzarote ya koma na Tenerife. Abin da jadawalin bai gaya masa ba shi ne dutsen Teide, mai tsayin mita 3,715, wanda babu kamarsa a duk Sifaniya, ya raba tsibirin gida biyu. Iskar arewa maso gabas kan tara gajimare a ɓangaren arewa, kudu kuwa rana ƙwal. Malam Ma'auni ya kama otal a Puerto de la Cruz da ke arewa saboda farashi ya yi daidai da lissafi, sai ga shi zaune da rigar sanyi ƙarƙashin gajimaren da 'yan ƙasar ke wa laƙabi da tumbin jaki, yana hango dusar ƙanƙara a kan dutse, yana sake duba waya ko ita za ta ƙaryata sararin sama.

Sai Ɗan Ɓagas. Shi bai tambayi zafi ba, bai tambayi teku ba, nawa ne kawai. Ya ga Malta da araha ya danna, bai san a Janairu digiri 16 ne da iska da ruwa ba. In kuwa Allah ya kai shi wurin da rana take, otal ɗin da ake biya gaba ɗaya yake zaɓa, ci da sha duk a ciki, a ɗaura masa awarwaron roba a hannu shaidar ya biya. Daga ranar ba zai leƙa ƙofar waje ba, don duk lomar da ya saya a gari asara ce. Faranti uku da safe, huɗu da rana, ga burodi a aljihu saboda tsaro.

Sarkin Tawul ya fi kowa sammako. A gida sai agogo ya yi ta kuka kafin ya motsa, amma a hutu tun asuba yana bakin ƙofar wurin ninkaya, ana buɗewa ya sheƙa ya shimfiɗa tawul a kan gadajen shan rana guda biyar, ya koma barci har hantsi. Turawan Ingila sun daɗe suna ɗora wa Jamusawa wannan hali, Jamusawa su ce ai su ma ba a bar su a baya ba. Rigimar ta kai ga a 2018 kamfanin Thomas Cook ya fara sayar da damar kama gado tun daga gida a kan Yuro 25, tamkar mai kama sahu da buta.

Akwai kuma wanda ya bar gida amma ya taho da shi a ka. A Los Cristianos da Playa de las Américas na Tenerife zai sami karin kumallo irin na garinsu, ƙwai da waken gwangwani, da talabijin mai nuna wasan Firimiya, da ma'aikaci mai jin Turanci. A kawo masa dankalin da 'yan ƙasar ke dafawa da gishiri har ɓawonsa ya tamuƙe, da miyar mojo ja ko koriya, ya dube shi kamar an miƙa masa magani. Kwana biyu ya yi ja kamar tattasai, kwana huɗu fata ta fara saɓa, ya koma gida yana nuna wa abokan aiki kafaɗa a matsayin rasit.

Kishiyarsa ita ce wadda ke rantsuwa ita ba 'yar yawon buɗe ido ba ce, matafiyiya ce. Ba ta kusantar rairayi. Tsibirin La Gomera take zuwa, inda ake koyar da yaren fito a makaranta, ko Madeira ta Fotugal, ta bi magudanan ruwa na kan duwatsu da sanduna biyu da takalmi mai tsadar buhun shinkafa. Tana sauka a filin jirgin Madeira da aka sa wa sunan Cristiano Ronaldo a 2017 tana yamutsa fuska. Da dubban mutanen Kanariya suka fito zanga-zanga a Afrilun 2024 kan tsadar haya da yawan baƙi, ta goya musu baya ɗari bisa ɗari, daga cikin gidan da ta kama haya a unguwar da 'ya'yan masu unguwar suka kasa biya.

Mai Hoto kuwa tsibirin da zai fito a Instagram take nema. Da ta tarar yashin Tenerife baƙi ne saboda aman wuta, sai ta nufi Las Teresitas, inda yashin ruwan zinariya ne, ba ta san a 1973 aka kwaso shi daga Sahara a jiragen ruwa ba. A Timanfaya ta Lanzarote, inda ƙasa ta yi aman wuta daga 1730 zuwa 1736 kuma har yau ake gasa kaza da zafin da ke fitowa daga rami, ta biya kuɗi ta hau raƙumi na 'yan mintuna, ta ɗauki hoto arba'in.

Dattawan ayarin su ne 'yan fansho, 'yan ci-rani na gaske, sai dai su sanyi suke ci. Kamar shamuwa, an san lokacin zuwansu, an san bencin da suke zama. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai doka ta taƙaita musu kwana 90 cikin kowane 180, don haka hirarsu ta koma ƙidayar kwanaki, kamar masu jiran ganin wata.

A ƙarshen Fabrairun 2020 aka haɗa su duka wuri guda. Iska ta kwaso ƙurar Sahara, wadda 'yan tsibirin ke kira calima, ta lulluɓe sama ta koma ja, aka rufe filayen jirgi. Hazo ne irin wanda ɗan Kano zai shafa man kaɗanya ya ja rawani ya wuce kasuwa. Malam Ma'auni ya rasa gurbin da zai sa shi a jadawali, awarwaron Ɗan Ɓagas ya daina aiki, Mai Hoto ta ɗauki sama babu ko gyara. Sarkin Tawul kuwa tuni ya shimfiɗa nasa a kan kujeru biyar na ɗakin jiran fasinja.