Zuwa ga Taubashina Mai Sabuwar Hilux

Ɗan gwaggo, labari ya riga ka isowa Dogon Dawa. Wai ka sayi Hilux, ta hannu ce amma ta sha fenti, kuma ka rantse bana da ita za ka zo kwasar masarar gonar gado. Barka da arziki, Allah ya tsare. Ni dai na san ka tun kana hawan jakin kakanmu ta baya kana riƙe da wutsiya, don haka da aka ce ka zama masanin mota sai da na nemi wuri na zauna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kiran da ka yi mini sau uku a dare ɗaya a kan ƙarfe guda, wanda makanikai ke kira sitabilaiza. Da farko ka ce za ka je Ƙofar Ruwa ka sayo mai kauri kamar taɓarya. Da ka sake kira ka ce a'a, kwance shi za ka yi ka yar, don ka ga Turawan Amurka a YouTube suna hawan duwatsu ba shi. A kira na uku kuwa tambayata ka yi a ina yake a jikin motar. Da wannan ya kamata ka fara, Bakano.

To, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin gaban motar, babbar rigar ba za ta mutu ba. Za ka ga sandar ƙarfe ta ratsa daga hagu zuwa dama, bakinta biyu a lanƙwashe, an ɗaure tsakiyarta a jikin shasi da robobi biyu da ake kira bushin, kowane baki kuma an haɗa shi da ƙafar mota da 'yar sandar da ake kira linkej. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ruwanta, juyawa kawai take yi a cikin robobinta. In ka sha kwana motar ta kwanta gefe guda, taya ɗaya ta shige ciki ɗaya ta saki, sai sandar ta murɗe, ta yi gardama, ta hana motar kwanciya. Aikinta ke nan tun da wani mutumin Kanada ya yi rajistar dabarar a 1919. Ka ga ta girme mu, mu da iyayenmu.

Sai dai gardamar da ke cetonka a kan kwalta ita ce ke kunyata ka a hanyar gona. Ka bar titi ka nufi wajen Damari bayan ruwan Agusta ya gama sassaƙe hanya, taya ɗaya a kan kunya, ɗaya a cikin zaizaya. A nan so ake kowace ƙafa ta nemi ƙasa da kanta. Sanda mai tauri ba ta yarda, sai ta ɗage tayar da ke kan rami ta bar ta a sama. Ƙarfin inji kuma, in ba a kulle difa ba, wurin tayar da ba ta da aiki yake gudu. Sai ka ji inji na kururuwa, taya na wulwulawa a iska, mota ko gezau, yaran gari sun kewaye ka suna kallon Alhajin birni.

Game da taɓaryar da kake son sayowa, ga lissafin da mai shago ba lallai ya yi maka ba. Taurin sandar nan ba daidai da kaurinta yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi. Ka tashi daga mai kaurin milimita 25 ka koma mai 30, a ido ɗan bambanci ne, amma taurin ya ninka sau biyu har da 'yan kai. Kowane rami da taya ɗaya ta faɗa, sai ya bi ta sandar ya iske ka a ƙugu. Tsakanin Funtuwa da nan kuwa ba ma rowar ramuka. Kai da kake kukan ciwon baya in ka daɗe a kan tabarma, ina kai ina wannan? Kuma kada wani ya zuga ka ka ƙara wata mai tauri a baya. Bayan a-kori-kura in ba kaya ba shi da nauyi, ka ƙara masa tauri, ka sha kwana a kan tsakuwa, sai ka ga bayan motar yana neman riga gabanta isa gida.

Zancen yar da sandar kuma ya fi ba ni tsoro. Ka lissafa tafiyarka: Kano, Gwarzo, Dayi, Malumfashi, Funtuwa, sannan ka kama hanyar Birnin Gwari. Kusan duka titi ne, kuma na san ƙafarka ba ta da kunya a kan totur. A komawa za ka ɗora buhu goma, tan guda ke nan, iyakar abin da motar za ta ɗauka da mutunci. Na kuma san halin Kanawa, sai ka ce a ƙara biyu a sama tunda hanya ɗaya ce. Kaya in suka yi tsawo, nauyi ya koma sama. Rannan akuya ta tsallako, ko tirela ta kauce wa rami ta shigo hannunka, ka fizgi sitiyari ba sitabilaiza. Ba na fata, amma masarar a kan titi za a raba ta, ba a tsaya jiran magada ba.

Turawan da kake kallo ba yar da ita suke yi ba, ka ƙara kallo da kyau. Jeep Wrangler samfurin Rubicon maɓalli gare ta, direba ya danna sandar ta rabu a wurin duwatsu, da zarar gudu ya wuce kamar kilomita 29 a awa sai ta haɗe kanta, ba ta neman shawararsa. Toyota ma tana da nata tsarin mai aiki da mai, KDSS, a wasu Land Cruiser da Prado, yana sakin sandar a hanyar daji ya kama ta a titi. Taka ba ta da ko ɗaya. Abin da kake da shi sifana ce, da makanike, da ni.

In hanyar gona ta gagara ƙwarai, ana iya kwance linkej a inda kwalta ta ƙare, a ɗaure bakin sandar sama da kyau don kada ta tsinke tiyon birki, a mayar kafin a hau titi. Amma ribar ba ta kai yadda kake zato ba, domin a Hilux irin taka yawancin lanƙwasar daga sifirin baya take zuwa. Taya mai haƙora da ɗan rage mata iska sun fi wannan wahalar amfani. Kai kuma da ka manta takalminka a masallaci ranar ɗaurin aurenka, wa zai tuna maka ka mayar?

Ƙarar ƙwal-ƙwal ɗin da ka ce kana ji a gaba, wadda ta tayar da duk wannan hankali, ina kyautata zaton bushin ne suka cinye ko linkej ya saki. Ka sa a duba, a canza su, a duba shokazoba, ka bar sandar da kamfani ya sa a inda take. Kuɗin taɓaryar ka riƙe shi, tunda maganar kuɗin shara na bara ba ta mutu ba tsakaninmu.

Tun ƙarshen 2024 da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo hanya, 'yan Golf suna ta kai da kawowa ba wanda ya taɓa yi musu lacca a kan sitabilaiza. Duk da haka dajin nan ba wurin gwajin mota ba ne, kuma ba a yi masa tafiyar dare. Ka taso da sassafe, ka kira ni daga Funtuwa. Zan sa a ɗaure shanun huɗa biyu a bakin rafi da igiya sabuwa, ko da za a buƙace su. Ka gaida gwaggo, ka ce ta sa maka kilishi a mota, na masu turi ne.