Alhaji, Ajiye Buhun Simintin Nan Tukuna

Na san ku sarai. Da an ce za a yi wa lambu shinge, kafin a auna fili kun aika yaro shagon mai siminti. A wurinku dirkar da ba ta sha kankare ba wasan yara ce, wanda kuma ya ce a kafa ta da ƙasa da tsakuwa talauci ne ke magana da bakinsa. To, Alhaji, gyara zama, ba rance na zo nema ba.

Dirkar taka ta mece ce? In ta ƙarfe ce, irin bututun da mai walda ya yanka maka, na sallama, kawo simintinka. Ƙarfe siriri ne, ƙasa ba ta samun inda za ta riƙe shi, dole a yi masa gindi mai nauyi. Kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa har kwana 7, kuma kada wani mai gaggawa ya ja waya a kansa washegari. Amma in ta itace ce, a nan hanyarmu ta rabu.

Itace ba ya zama da kauri ɗaya. Da damina ya sha ruwa ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, kankare kuwa yadda aka zuba shi haka yake. Kafin shekara ta zagayo an sami 'yar tsaga a tsakaninsu, wadda da ƙyar tsinke zai shiga. Ruwan sama ya biyo jikin dirka ya zurara ta nan, ya tarar an liƙe gindin ramin, babu mafita. Ka ga ka sayi ƙoƙo da kuɗinka ka jiƙa dirkarka a ciki ke nan. In kana musu, je ka duba wadda ta karye a lambun maƙwabcinka. Ba daga sama ta karye ba, ba can cikin rami ba, daidai bakin ƙasa ne, inda danshi da iska suke haɗuwa. Danna wurin da farce, za ka ji ya yi luguf, ya yi baƙi, yana marmashewa. Ranar canja ta kuma ga dunƙulen kankare ya yi zaune a rami, sai an nemo mai diga an biya shi.

Na ji wani daga baya yana cewa, "To gara fa, malam?" Gara tana gaishe ka. Gaskiya ne ba ta cin siminti, amma ba shi ta zo ci ba. Ta tsagar nan za ta bi, in ta rasa ta gina 'yar hanyarta ta ƙasa a kan kankaren ta hau. Faɗa da gara tun wurin zaɓen itace ake fara shi. Ba banza masassaƙa suke neman ƙirya don turmi da taɓarya ba, zuciyarta tauri gare ta, gara kan sha wuya a kanta. Azarar giginya ma haka. Sai dai ƙirya ta yi wuya yanzu, kuma wanda ya sare ɗanya shi da malaman daji. Yawancinmu turare ko darbejiya za mu samu, to a ɓare ɓawon, a bari su bushe, a babbake gindin ya yi gawayi har ya wuce bakin ƙasa kaɗan. Ku kuma 'yan baƙin mai, na ga kuna murmushi. Yana korar gara na ɗan lokaci, ban musa ba, amma ƙasar da yake tsiyaya a ciki ita ce ta latas ɗinku, rijiyar kuma tana nan kusa.

Abin da ke riƙe dirka zurfi ne da daɓe, su ne kuma lebura ya fi ƙi. Kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ya shige ƙasa: mai ƙafa 6, ƙafa 2 a rami. A haƙa da dagi, ramin ya zama matsattse, kada a buɗe shi da shebur. A fara zuba tsakuwa a gindi don ruwa ya wuce, a tsayar da dirka, sannan a riƙa zuba marmara ko ƙasa mai tsakuwa kaɗan-kaɗan, kowane zubi a kirɓe shi da tsohuwar taɓarya har sautin ya daina yin buf-buf ya koma ƙwal. Wanda ya tura ƙasar da ƙafa gaba ɗaya, ya tattaka sau biyu ya ce an gama, kada ka sallame shi, girgiza dirkar a gabansa.

A jigawa a ƙara zurfi, don yashi ba ya riƙo. Lakar fadama kuwa, mai tsattsagewa da rani ta kumbura da damina, tana iya karkatar da dirka har da kankarenta.

Ku masu siminti, don kada ku ce ƙiyayya ce, ga rabonku: kusurwoyi da bakin ƙofa. Su suke ɗaukar jan waya da nauyin ƙyaure, a sa musu ƙarfe ko itace mai kauri, a tokare su, a zuba kankare a gefe amma a bar tsakuwa a ƙasa, a kuma karkata samansa yadda ruwa zai gangare. In zana ko darni za a ɗaura, a matso da dirkoki kusa da juna a yi tanka mai kyau, don iskar farkon damina ta cikin waya take wucewa, zana kuwa tura ta take yi gaba ɗaya.

Manoman Maraɗi da Damagaram ma dariya za su yi mana duka. Reshen aguwa ko na dashi suke sara su soke a ƙasa gab da faɗuwar damina, ya yi saiwa ya riƙe kansa. Sai dai kafin ya cika sai an toshe tsakani da ƙaya, don akuyar maƙwabci ba za ta jira shi ba.