Kafin a Tsallake Layin Farko, a Duba Ko Mutum Ne

Mu mutanen Yagwa, in ka ɗauke shinkafa da kifin Logon, babu abin da muka fi mu'amala da shi kamar jerin suna. Manomi sai ya ga sunansa a jeri hankalinsa yake kwanciya cewa gonarsa ta bana tana nan. Ɗalibi sai ya ga nasa manne a bangon makaranta yake yarda ya ci jarrabawa. Wanda ruwa ya ci gidansa kuwa, sai an rubuta shi yake sa ran tabarma da buhun hatsi. Hatta adashen matan unguwa yana da littafinsa, kuma uwar adashe ba ta wasa da shi.

Wannan ɗabi'a ta daɗe da zama jikinmu. Tun da aka kafa kamfanin noman shinkafa na SEMRY a 1971, da hedikwatarsa a nan garin, aka kuma gina madatsar Maga a 1979, abincin dubban iyalai a Mayo-Danay ya rataya a kan takarda: wane ne ke da fili, rabin hekta nawa yake nomawa, ya biya kuɗin ruwa da na huɗa ko bai biya ba, buhu nawa ya samu da damina, nawa da rani. Ambaliyar 2012 da ta 2024 sun ƙaro mana wani jerin, na waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Ga kuma gadar da ta haɗa mu da Bongor ta ƙasar Cadi, mai tsawon mita 620, wadda aka buɗe a 2025. Duk motar da ta haye ta da kaya, akwai inda aka rubuta mata layinta.

A da, duk wannan a littafi mai bangon kwali yake, malami yana ja masa layi da rula. Yanzu masu rajista da waya suke yawo, suna cika bayanai a manhajoji irin su KoboToolbox, da yamma a sauke komai ya zama fayil. Yaranmu da suka dawo daga Jami'ar Marwa da ta Ngaundere su ne ke fama da waɗannan fayiloli, a shagunan buga takardu, a ofisoshin ƙungiyoyin manoma, a wuraren rabon agaji. Yawancin fayilolin irin wanda ake kira CSV ne: rubutu zalla, kowane layi mutum ɗaya, an raba gurabensa da waƙafi. Suna, unguwa, faɗin gona, yawan buhu.

To, a majalisarmu ta gindin dogon yaro, bayan la'asar, akwai wani dattijo da ba ya barin magana ta wuce shi bai fahimta ba. Ya ji samari biyu suna ta maimaita a tsallake layin farko, a tsallake layin farko, sai ya juyo ya ce wa ɗayansu, "Kai ɗana, wane laifi na farkon ya yi da kullum shi ake tsallakewa? Mu a saninmu wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama."

Yaron ya gyara zama ya ce, "Baba, ai ba mutum ba ne. Layin kai ne, inda aka rubuta Suna, Unguwa, Hekta, Buhu. Yana gaya wa mai karatu abin da ke ƙarƙashinsa ne kawai. Kamar rubutun da ke jikin buhun shinkafa ne: yana faɗin abin da ke ciki, amma ba a auna shi a mudu."

Dattijon ya ce, "To ita na'urar ba ta da ido ne?"

"Ba ta da shi, Baba. Duk layin da ta tarar, ɗaya ne a wurinta."

Gaskiyar maganar ke nan. Ni da kai, da mun kalli jadawali, mun san saman nan kanu ne, ba sai an faɗa mana ba. Ita kwamfuta sai an gaya mata. Samarin nan suna yawan amfani da wani tsohon makami mai suna awk, wanda Alfred Aho da Peter Weinberger da Brian Kernighan suka ƙirƙira a 1977 a cibiyar binciken Bell da ke Amurka, kuma har gobe yana nan cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Aikinsa bin fayil layi bayan layi, yana riƙe da ƙidayar inda ya kai a wani ma'aji da ake kira NR. In ka rubuta masa NR>1, ka ce masa ke nan kada ya taɓa komai sai ƙidaya ta wuce ɗaya. Wasu sun fi son tail -n +2, wato a fara daga layi na biyu. Wasu sed 1d, wato a goge na farko. Masu Python kuma sukan karanta layi ɗaya da next su ajiye shi gefe kafin su shiga aikin. Hanya huɗu, buƙata ɗaya.

Me zai faru in an manta? Nan ne abin yake da ɓoyayyen haɗari, domin sau da yawa na'urar ba ta ƙorafi. Idan awk ya zo tara lambobi ya tarar da kalmar Buhu, sai ya ɗauke ta a matsayin sifiri ya wuce. Jimla ta fito daidai, kowa ya yi murna. Amma ƙidayar mutane ta ƙaru da ɗaya. A ce manoma 10 sun kawo buhu 200. Rabon kowa a matsakaici buhu 20 ne. Da layin kai a ciki, na'ura ta ga mutum 11, sai ta ba da 18 da 'yan ɗoriya. Wannan lambar ce za ta shiga rahoto, a kai ta Marwa, wataƙila har Yawunde, a ce amfanin gonar ƙungiya ya ragu alhali bai ragu ba. In kuma jera sunaye aka yi bisa haruffa, sai ka tarar da wani mai suna Suna, ɗan unguwar Unguwa, zaune a tsakiyar jeri tsakanin Sule da Sunusi.

Sai kuma ranar haɗa fayiloli da yawa. Mayo-Danay gundumomi 11 ne, daga Maga da Kai-Kai zuwa Gobo da Kar-Hay da Kalfu. In kowace ta aiko da nata, kowane fayil da nasa kan. NR ba ya komawa farko in an shiga sabon fayil, ci gaba yake yi da ƙidaya, don haka NR>1 kai ɗaya kacal zai cire, sauran 10 su shige cikin mutane. Maganin wannan shi ne FNR>1, domin FNR yana sake farawa daga ɗaya a bakin kowane fayil. Harafi guda ne tsakaninsu, amma samari da yawa sun kwana suna neman inda mutum goma suka ɓullo.

Duk wannan matsalar kowa ce a duniya. Akwai kuma tamu ta gida, wadda mu muka saba da ita. Mu a Kamaru ba ma fara takarda haka kawai. Sai mun rubuta sunan jamhuriya a sama, da taken ƙasa na zaman lafiya da aiki da ƙasar haihuwa, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama. Sai jiha, sai yanki, sai gunduma, sai sunan ƙungiya, sai kan magana da manyan haruffa. Kafin a iso ga Suna da Unguwa an ci layi takwas ko goma. Wannan tsari yana da kyau a takardar da za a buga wa hatimi a kai wa hukuma, kuma yana ba ta kwarjini. Amma mukan ɗauke shi ɗungurungum mu zuba a cikin jadawalin Excel, sannan mu miƙa wa yaro mu ce ya fitar mana da lissafi. Shi kuma umarninsa layi ɗaya ya san ya tsallake.

Ƙasan takardar ma ba ma barin ta haka. Sai mun sa layin jimla, sai "an yi a Yagwa ranar kaza", sai gurbin sa hannun shugaba. Na'ura ta zo kan layin jimla ta ɗauke shi a matsayin wani babban manomi, buhu 200 ya koma 400. Da irin wannan ne ake fara zargin ma'aji, alhali bai taɓa ko ƙwaya ba.

Ga kuma batun waƙafi. Kwamfutocinmu yawanci a kan Faransanci aka saita su, inda rabin hekta ake rubuta shi 0,5. Saboda waƙafi ya riga ya samu aiki a cikin lamba, sai Excel ya raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Fayil ɗin da ya zo daga Najeriya ko daga wata ƙungiyar waje mai aiki da Ingilishi kuwa, 0.5 zai rubuta, ya raba gurabe da waƙafi. Wanda bai buɗe ya gani ba, zai ba awk alamar rabo da ba ita ba. Ko da ya dace da alamar, in bai mayar da waƙafin lamba ɗigo ba, awk zai karanta 0,5 ya tsaya a sifiri. Mai rabin hekta, wanda shi ne mafi yawa a cikinmu, ya zama marar gona a lissafi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuskuren da ke ɗaya gefen, kuma shi ne abin da tambayar dattijon nan ta taɓo. Ba kowane fayil ne yake da kai ba. Takardar ƙa'idar CSV da aka fitar a 2005, mai lamba RFC 4180, ta bar layin kai a matsayin zaɓi: ana iya sa shi, ana iya bari, kuma babu wata alama a cikin fayil ɗin da za ta gaya maka wanne aka yi. To yaro ya saba, hannunsa ya riga tunaninsa rubuta NR>1. Ranar da aka ba shi fayil marar kai, wanda ya tsallake mutum ne mai iyali. Tun da kuma jerinmu bisa haruffa muke yin sa, masu suna da harafin A ne kullum a bakin wuƙa, su Abakar da Adama da Aisatu. Jimla za ta ragu da ɗaya, babu wanda zai lura a cikin mutum ɗari biyar. Sai ranar rabo, tsohuwa ta tako da ƙafa daga ƙauye, ta wuni a rana, a duba a ce, "Inna, ki yi haƙuri, babu sunanki." Ba wanda ya ƙi ta, ba wanda ya ci haƙƙinta da gangan, amma ta koma gida hannu rabbana.

Kada mu ɗauka ƙarancin kayan aiki ne ya jawo mana. A Ingila, tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na 2020, sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 ya kasa shiga rahoton hukuma a kan lokaci, saboda an zuba bayanan a tsohon nau'in Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Layukan da suka wuce iyaka suka zube shiru, na'ura ba ta ce uffan ba. In haka ta faru a can, mu ma sai mu sa ido.

Wata uwar adashe da ke sauraron hirar daga bakin teburinta na soyayyen kifi ita ta faɗi abin da ya fi kowanne amfani. Ta ce wa yaron, "Ɗan nan, ni ban san na'urarku ba. Amma in na gama rubutu, sai na ƙirga mata, in ƙirga layi. In ba su zo ɗaya ba, ba na rufe littafi." Abin da ƙwararru ke yi ke nan. Kafin komai, a rubuta head a ga layukan farko da ido, a rubuta tail a ga na ƙarshe. A ƙirga layuka da wc -l kafin aiki, a sake ƙirgawa bayan aiki. In an shiga da 501 an fito da 500, a san wane ne ɗayan da ya fita, a tabbatar kai ne. Ya fi kyau ma a gaya wa na'ura ta tsallake layin da gurbinsa na farko ya ce Suna, maimakon a ce ta tsallake duk wanda ta fara tararwa. Ta haka, ko kai ya maimaitu sau goma za ta cire shi, in kuma babu shi ba za ta taɓa kowa ba.

Mu da muke shirya jerin, mu ma da namu aikin. Sakataren ƙungiya, malamin makaranta, mai rajistar agaji, mu riƙa ajiye kwafi biyu. Ɗaya na bango da na hukuma, a yi masa duk adon da ya dace, da taken ƙasa da hatimi. Ɗaya na na'ura: layin kai guda ɗaya a sama, mutum ɗaya a kowane layi, babu jimla a ƙasa, babu sa hannu, babu gurbin da aka haɗe da wani. In za mu tura fayil, mu faɗa wa wanda muka tura wa: akwai kai, mutum kaza ne a ciki. Magana ce ta daƙiƙa biyar.

Ku kuma samarinmu masu kwamfuta, Allah ya yi muku albarka, kun ɗauke wa garin nan nauyi mai yawa. Roƙonmu ɗaya ne: kada ku goge layin da ba ku karanta ba. Ku buɗe fayil ku gani, ku ƙirga kafin aiki, ku ƙirga bayansa, sannan ku miƙa.