Yadda Ake Zuwa Mambila da Bakin Teku Daga Achilafiya a Dawo Ana Gaisawa

Idan ka ga hoton duwatsun Turai a waya sun yi fari fat da dusar ƙanƙara, zuciyarka ta raya maka ka tara abokai ku cika mota ku je ku ga namu duwatsun, daga can ku gangara bakin teku, to dakata ka karanta wannan kafin ka karɓi kuɗin mai a hannun kowa. Ban jima da dawowa ba, ƙuguna bai daina ciwo ba tukuna.

Na ɗaya. Cire dusar ƙanƙara daga ranka. Babu ita a Najeriya, ko a kan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar nan, mai mita 2,419. Abin da ke jiranka a Nguroje da Gembu, a kan tudun Mambila, shi ne hazo da sanyi mai laima. A kowace mota ba a rasa wanda zai ce, "Haba, mu da muka saba da hunturun Achilafiya?" Hana shi shiga sai ya nuna bargonsa, domin naka zai ja da tsakar dare. Sanyinmu yana da kunya, hantsi na dubawa yake janyewa. Na can kwana yake yi a cikin ƙashi, sai shayin Kakara mai zafi ke lallashinsa.

Na biyu. Ka kai motar wurin bakanike ya duba birki da lagireto, ka tsaya a kansa har ya gama. Daga Kano zuwa Gombe, Numan, Jalingo da Bali, mota za ta yi ta yi maka biyayya. Sai kun wuce Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, kun fara hawa daga Mayo Selbe, sannan za ta nuna halinta. Kwana kan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya gefen. A nan ne mai surutun motar zai koma salati. Wajen saukowa a sa ƙaramar giya. Direban da ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙauri, kuma idan ƙauri ya tashi magana ta ƙare.

Na uku, shingaye. Kai, shingaye! Ba zan ce ka tanadi takardun mota ba, wa bai san wannan ba? Ka tanadi haƙuri. Za a tsayar da ku a tambayi inda kuka fito. Ka ce Achilafiya. A ce ina ne nan? Ka ce kusa da Kazaure. A ce ina za ku? Ka ce kallon dutse. Nan fa ake yin ta, domin babu mai yarda cewa magidanta da hankalinsu za su ƙona mai, bayan cire tallafin da aka yi a 2023, don kawai su kalli dutse. A ce a buɗe but. A sauke garin kwaki, a sauke bargo, a shinshina ƙullin yaji. Ku ɗaure kaya ku tashi, direba bai kai ga giya ta uku ba ga wani icce an gicciye a titi. Na wancan shingen yana hango na wannan, har hannu suke ɗaga wa juna! Me ya shiga but ɗinmu a tsakaninsu? Wallahi abin ya daina ba ni dariya. Gandun Gashaka-Gumti da aka kafa tun 1991, mafi girma a ƙasar, ana ta kiran mutane su zo su gani, amma wanda ya amsa kiran sai ya isa ransa a ɓace. Ga ramukan da ke cinye taya, ga 'yan bumburutu da ke sa farashi bayan sun karanta lambar motarka.

Ina muka tsaya? Na biyar ne ko na huɗu, duk ɗaya.

Kada a ba mutum ɗaya riƙon kuɗin tafiya. Kada a zaunar da mai ƙiba a tsakiya. Wanda ya fiye cewa "saura kaɗan" a ba shi gyaɗa ya yi ta ɓara.

Teku kuwa, hanyarsa ta Takum ce, Katsina-Ala, Ikom, har Kalaba. Ku sani tun yanzu: Kalaba a bakin kogi take. Mai son ganin igiyar ruwa tana dukan yashi sai ya ƙara gaba zuwa Ibeno a Akwa Ibom, kuma a lokacin rabin motar ba sa magana da juna. Ku fara sauka a Bogobiri, unguwar Hausawa a Kalaba, ku ci tsire, ku ji ana yi muku sannu da zuwa da harshenku, a shirya.

Duk da haka ku je. Koren tudun Mambila da shanunsa sun cancanci kowane kilomita. Masu iko kuma, don Allah ku gyara hanyar Bali zuwa Gembu, ku rage itatuwan nan da ake gicciyewa a titi.