Dakata in Sako Babbar Riga

Mai ɗaukar hoto yakan shigo Funtuwa lokacin tsinkar auduga da burin kama manomi cikin gumi da ƙura. Manomin kuwa nasa lissafin daban. Da ya hango kyamara sai ya ce, "Samari, dakata in sako babbar riga." Ya dawo da hula a karkace, ya ƙame tsakiyar gona, fuska ba annuri, sai ka ce hoton katin zaɓe.

A kasuwar hatsi ta Dandume kuwa, tambayar farko ita ce, hoton na rabon taki ne ko na haraji? In na taki ne, har mai facin taya manomi ne gaba da baya. In na haraji ne, buhunan masarar nan duk na wani Alhaji ne, ya tafi salla.

Dam ɗin Mairuwa da gonakin raken Danja ba sa gardama, yara ne matsalar. Ka saita faɗuwar rana tsaf, ka duba waya, ka tarar da kawuna birjik, kowa ya ɗaga yatsu biyu. A hanyar Malumfashi shanun huɗa kaɗai ke yarda a ɗauke su yadda suke, su ma sai mai su ya tambayi nawa za a biya.