Alƙalan Hoto na Gafasa da Ire-iren Hukuncinsu

Gafasa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ajingi a ƙasar Gaya, ta shiga zamanin hoto sau biyu, kamar sauran garuruwan karkarar Kano. Na farko ta hannun mai hoton biki ne, wanda ke zuwa da kyamarar fim mai cin hoto 36, ya ɗauka, ya karɓi kafin alƙalami, ya tafi birni wanki, kowa ya zauna jiran ganin abin da Allah ya hukunta wa fuskarsa. Na biyu kuwa ta hannun wayar salula ne, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001, ta kuma yi ido bayan wasu shekaru, lokacin da Tecno da Itel da Infinix, dukansu na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, suka cika Kasuwar Farm Centre ta Kano suka tumbatsa zuwa ƙauyuka. Tun daga nan kowa ya zama mai hoto, kowa kuma ya zama alƙalin hoton wani, domin da wuya hoto ya kwana bai bi ta hannu goma ba a teburin mai shayi ko a shagon mai cajin waya, inda ake zaman shari'a kullum ba tare da sammaci ba.

Abubuwa uku ake duba wa hoto: zubi, wato inda aka ajiye kowane abu a cikin kusurwoyi huɗu na hoton, haske, wato daga ina ya faɗo kuma nawa ne, sai gyara, wato abin da aka yi wa hoton bayan ɗauka. Alƙalan Gafasa sun raba wannan gado a tsakaninsu, ko da yake mafi yawansu ba su taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Mafi yawan jama'a shi ne Mai Masha Allah, wanda bai taɓa ganin mummunan hoto ba tun da aka haife shi. Ko an miƙa masa hoton ango da aka yanke wa rabin hula, ga falwayar lantarki ta tsiro daga tsakiyar kansa, zai gyaɗa kai ya ce, “Kai, Yaya, wannan ai sai kalanda!” Mutumin kirki ne, ana gayyatarsa kowane ɗaurin aure, kuma a dalilinsa akwai samarin da suka shekara biyar suna yanke ƙafafun jama'a cikin natsuwa da yaƙinin cewa sun ƙware. Abokin zamansa a benci shi ne Mai Laifin Waya, wanda ba ya kallon hoto sai ya juya wayar ya ƙirga idanun da ke bayanta. A wurinsa kowace matsala megafiksel ce, wato adadin miliyoyin ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, kuma maganinta ɗaya ne: a sayar da akuya a tafi Farm Centre. Bai taɓa ba kowa shawarar ya goge gilashin kyamara da gefen riga ba, alhali kuwa a lokacin hunturu ƙurar da ke kwantawa a kan wannan ɗan gilashi, haɗe da maiƙon ƙosai na yatsa, ta fi kowane ƙarancin megafiksel ɓarna.

A fannin zubi akwai Malamin Layi, galibi ɗalibi ne da ya dawo hutu daga Wudil ko Kano, wanda ya gano ƙa'idar kashi uku. Ma'anarta ita ce a raba fuskar hoto da layi biyu a tsaye da biyu a kwance, a ɗora abin da ake nufi a kan layi ko a mahaɗarsu maimakon tsakiya. Wani Bature mai zane, John Thomas Smith, ya ambace ta a rubuce a Ingila tun 1797. Ƙa'idar tana da amfani ga hoton gona, ko amalanke a kan hanya, ko mahayi da ke buƙatar fili a gaban dokinsa. Masifar tana farawa ne sa'ad da Malamin Layi ya ɗauke ta zuwa ƙofar gidan mai gari, ya tura dattijo can gefe ya bar wa bangon ƙasa tsakiya, domin a ƙasar Hausa tsakiya maƙami ce, kuma wanda aka kawar daga cikinta zai nemi jin laifin da ya yi. “Ranka ya daɗe, ƙa'ida ce,” in ji ɗalibin, kuma yawanci a nan zaman yake tashi.

Maganar haske ta fi kowacce faɗi, ita ce kuma aka fi zalunta. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abin da ake kallo ya shiga ido, kuma kyamara a kan wannan tafarkin take: abin da haske bai faɗa wa ba, ba ta san da zamansa ba. Duk da haka akwai Sarkin Tsakar Rana, wanda ya yi imani cewa yawan rana shi ne kyan hoto, saboda haka sai an sauko daga masallacin Juma'a yake jera mutane a fili. Yankin Kano yana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka a wannan sa'a rana a bisa kai take, ta mayar da ramin ido duhu, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, kowa ya yamutse fuska. Farar shadda kuma tana ƙara dagula lissafi, domin kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ta nemi matsakaici, da ta ga farin ya yi yawa sai ta rage, rigar ta fito sarai da aikinta, mai rigar ya ɓace a ƙarƙashin hularsa. Matsalar tana da tarihi: kamfanin Kodak na Amurka ya shafe shekaru yana daidaita launin wankin hoto da wani kati mai hoton mace farar fata, shi kuwa Transsion ya ci kasuwar Afirka ne, a cikin wasu dalilai, da daidaita kyamarorinsa da baƙar fata. Amma ko wayar da aka daidaita tana son taimako, taimakon kuma kyauta ne: a koma inuwar darbejiya ko bakin zaure, a dangwala yatsa a kan fuskar mutum a jikin allon waya don ta auna daga nan, ko a jira hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe. Telan gari, wanda shi ma alƙali ne, ba ya goyon bayan wannan gyara, tun da a nasa ma'aunin hoton da ɗinki ya fito ya gama aikinsa.

Daga nan sai Mai Wankin Fuska, magajin mai wankin fim, wanda aikinsa ke farawa bayan an watse. Da filta, wato manhajar da ke sauya launi da laushin fata, yake shafe tsage da ƙuraje da shekaru, har amarya ta fito da hasken da babu shi a danginta na uwa ko na uba. Ƙaninsa a sana'a shi ne wanda ke cire bangon gida ya dasa benayen Dubai, ko ya kai mutum Makka ba biza ba kujera, inuwarsa tana kallon gabas, ta ginin tana kallon yamma. Maganin waɗannan biyun guda ne, ita ce kaka, wadda za ta karɓi wayar, ta nesanta ta da ido, ta matso da ita, sannan ta ce, “Yo ’yar nan, wace ce wannan?” Babu wani sharhi a kan gyaran hoto da ya kai wannan tambaya kaifi, domin gyara na gari iyakarsa daidaita haske, miƙe hoton da ya karkace, da yanke abin da ya shigo ba a gayyace shi ba. Shi kuwa Mai Neman Kansa ba ya buƙatar dogon bayani: a hoton mutum 20 fuska ɗaya yake dubawa, in ta yi masa to hoto ya yi, ko da liman ya rufe ido.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa sanin zubi da haske a wannan yanki bai taɓa kiran kansa mai hoto ba. Dillalin raguna ne, wanda a makonnin da ke gaban Babbar Sallah yake tura hotuna ta WhatsApp ga Alhazan birni da ba su da lokacin zuwa kara irin ta Wudil. Shi ne zai wanke rago da sassafe, ya tsayar da shi a jikin bango fili inda babu turke babu kaji, ya juya shi har hantsi ya bi ta kan gadon bayansa, sannan ya durƙusa ya ɗauka daga ƙasa, a ɗan kaikaice, yadda ƙirji da ƙaho za su cika ido. Ya san cewa abin da ya fi kusa da gilashin waya shi ke girma, ya kuma san cewa tsayuwa a kan dabba a ɗauke ta daga sama tana ƙanƙantar da ita. Alƙalinsa ba ya yabo ba ya kunya: in hoto bai yi ba, Alhaji ya yi shiru, in ya yi, a ji kira. Da wannan sharhi mai ciwo ya koyi a kaka biyu abin da almajiran Mai Masha Allah ba su koya ba a shekara biyar, kuma saurayin da ke son hannunsa ya faɗa zai fi ƙaruwa da riƙe masa igiya na mako guda fiye da zaman benci.

Sai dai mai karatu da aka turo wa irin wannan hoto ya nemi a sake ɗauka da mutum tsaye a gefen ragon, ya kuma ƙayyade cewa babban mutum yake nufi, domin dillalai sun riga sun gano amfanin ƙaramin yaro.