Masu Hango Tsohon Fim a Cikin Sabo

Tun da Netflix ta saki Stranger Things a 2016, kallonsa cikin taro sai mai haƙuri. Tagwayen da suka ƙirƙiri shirin, Matt da Ross Duffer, sun cika shi da jinjina ga finafinan Amurka na shekarun 1980, kuma da wuya mutum biyar su zauna kallo ba a samu wanda ya naɗa kansa sarkin tono su ba.

Mafi saurin bayyana shi ne mai rimot. Yara huɗu sun hau layin dogo suna neman abokinsu da ya ɓace, hankalin kowa ya tashi, sai hoto ya tsaya cak. "Kun gani? Stand by Me ne, na 1986!" An gani. Ba zai saki ba sai ya tabbatar kowa ya san labarin asalinsa na Stephen King ne. Abin haushin, ba ya kuskure. Ya san Sean Astin da ya fito a matsayin Bob a zango na biyu shi ne yaron The Goonies na 1985, ya san Robert Englund da aka gani a zango na huɗu shi ne dodon A Nightmare on Elm Street. Amma tambaye shi me ya faru a kashin da aka gama yanzu, sai ya sosa ƙeya.

Kusa da shi akwai mai kukan wankiya. Wannan ya ƙoshi da finafinanmu da aka kwaso daga Indiya, don haka ba ya yarda akwai aron da ba sata ba. Da ya ga an sa wa yarinyar nan Eleven gashin kanti da riga don a ɓoye ta, kamar yadda aka yi wa halittar E.T. a fim ɗin Steven Spielberg na 1982, sai ya tafa hannu: "Ashe Turawa ma suna yi!" Ka ce masa ai su da kansu suka faɗi inda suka ɗauko, ya ce ɓarawon da ya yi sallama ma ɓarawo ne.

Wanda ya fi gajiyar da ni shi ne malamin fashin baƙi. A E.T., da jami'an gwamnati suka tare yara a kan kekuna, kekunan ne suka tashi sama. A Stranger Things kekunan suna ƙasa, motar jami'an ce Eleven ta wuntsila ta kan yaran. Kowa ya yi ihu, shi kuwa ya gyara zama. A wurinsa wannan hukunci ne a kan Amurkar zamanin Reagan: da can ana tsere wa hukuma, yanzu sai an kifar da ita. Wataƙila. Wataƙila kuma tagwayen sun ga mota a sama ta fi keke ban sha'awa. Idan aka haɗa shi da ɗan'uwansa mai cewa a'a, motar alama ce ta ƙuruciya da ta juye, to a kashe talabijin kawai, dare ya tafi.

Akwai kuma wanda ciwon ya ci ƙarfinsa: kowace ƙofa da aka buɗe a hankali Hitchcock ce, kowane kare da ya yi haushi yana da kaka a wani fim.

Sai ɗan baya, wanda ya fara da Stranger Things, daga baya ya ci karo da E.T., ya dawo yana cewa tsohon nan Spielberg bai ji kunya ba.

Amma gwanina shi ne Baba mai Indiya, wanda ba a taɓa kayar da shi a musu ba domin ba ya sauraro. Shi duk wannan magana ta yara da baƙuwar halitta ya gan ta tuni a Koi... Mil Gaya na Hrithik Roshan. A nuna masa cewa fim ɗin na 2003 ne, shekara 21 bayan E.T., ya ce lissafin Bature ne, komai daga Indiya ya fito. Ana masa dariya, alhali shahararren daraktan Indiya Satyajit Ray ya taɓa cewa da ba don rubutun fim ɗinsa The Alien ba, wanda ya yi yawo a Hollywood tun ƙarshen shekarun 1960, da ba a yi E.T. ba. Spielberg ya musanta. Baba bai san da wannan zance ba, kuma don Allah kada wanda ya kai masa.